Unguwar da Mota Ke Tsayawa a Bakin Ƙofa: Yadda Ake Tsara Ta a Gari Mai Cunkoso Irin Katsina

Ka ce wa Bakatsine za a hana mota shiga unguwarsu, kafin ka rufe baki zai jero maka tambayoyi. Mai naƙuda da tsakar dare fa? In gobara ta tashi fa? Tifar yashi ta ina za ta bi? Motar yashe masai fa? Duk tambayoyin nan suna kan hanya, kuma amsa su shi ne aikin gaba ɗaya. Tare lungu ba wani abu ba ne, turakun ƙarfe biyu da buhun siminti ɗaya sun wadatar. Wahalar tana wajen tsara unguwa yadda duk hidimar da mota ke yi wa mutane za ta ci gaba da gudana alhali motar tana can bakin ƙofar unguwa.

Ba ana nufin a kori mota daga gari ba ne kwata-kwata. Ko a ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni, abin da ake yi shi ne a ware yankuna masu yawan jama'a, a bar manyan tituna su zagaye su, a hana mota ratsawa ta tsakiya, a kuma hana ta kwana a ƙofar gida. Motar asibiti, motar kwana-kwana da masu sauke kaya suna shiga, amma bisa ƙa'ida da lokaci.

Cikin garin Katsina ma da haka aka gina shi. Lungunan Yarinci, Gambarawa, Masanawa da Rafindaɗi an auna su ne da jaki ɗauke da mangala, da mahayin doki, da mutanen da suka ɗauko makara. Masallaci, makarantar allo, mai kayan miya da mahauci duk suna nan kusa, tafiyar 'yan mintuna. Irin wannan gini bai mutu a duniya ba. Tsohon birnin Fas na ƙasar Maroko, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, har gobe mutum sama da dubu ɗari ne ke zaune a cikinsa, jakuna da alfadarai da amalanke ke shigar masa da kaya ta dubban lunguna. Haka garin Lamu a gaɓar tekun Kenya. Mu a nan kuwa, duk lokacin da mota ta kasa shiga lungu, sai a ɗauka lungun ne ke da laifi, a shafa jan fenti a bango, a fara lissafin diyya.

Lissafin fili

Mota ɗaya a ajiye tana cin mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo, murabba'in mita 12.5 ke nan. In aka haɗa da hanyar shiga da wurin juyawa, ya kai 25 zuwa 30. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 bai wuce murabba'in mita 13 da 'yan kai ba. Ashe kowace mota tana cin filin ɗakuna biyu, kuma yawancin yini a tsaye take ba ta aikin komai. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, wanda iyali mai mutum goma sha biyar ke rayuwa a cikinsa, in aka mai da shi wurin fakin mota 16 zuwa 18 kawai zai ɗauka.

A kan titi ma haka lissafin yake. Alƙaluman da injiniyoyin sufuri suka saba aiki da su sun nuna cewa hannu ɗaya mai faɗin mita 3.5 yana wuce da mutum kusan 2,000 a awa in motocin gida ne, kusan 9,000 in bas ne, 14,000 in kekuna ne, 19,000 in masu tafiya a ƙasa ne. Wannan ne ya sa faɗaɗa titi a cikin gari mai cunkoso ba ya warkar da cunkoso. Ka rushe gidaje arba'in ka ƙara hannu ɗaya, ka samu wurin mutum dubu biyu, kuma cikin 'yan shekaru sababbin motoci sun cike shi. Gadojin ƙasa irin na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya suna sauƙaƙa wa mai wucewa, kuma wurinsu ke nan, a bakin gari. Tunanin da ya haife su ne bai kamata a shigo da shi tsakiyar unguwa ba.

Ma'aunin da ake fara zana komai da shi ƙafar mutum ce. Lafiyayyen mutum yana cin kusan mita 80 a minti ɗaya, wato mita 400 a minti biyar, mita 800 a minti goma. Da'ira mai nisan mita 400 daga tsakiya zuwa baki tana da faɗin hekta 50. Littattafan Turai sukan ce mutum zai jure tafiyar minti goma zuwa tasha. A Katsina cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan magana ba ta aiki. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ko mace mai goyo da kaya a ka ba za ta yi mita 800 a rana tsaka ba, za ta tsayar da ɗan acaba. Don haka a nan kada wani gida ya wuce mita 300 zuwa 400 daga inda ake samun abin hawa, kuma hanyar ta kasance mai inuwa. Wannan yana nufin yanki ɗaya marar mota kada faɗinsa ya wuce mita 600 zuwa 800 daga titi zuwa titi. In unguwa ta fi haka girma, sai a raba ta biyu, a bar hanyar bas ko keke napep ta bi tsakani.

Birnin Groningen na ƙasar Holan ya yi wata dabara a 1977 da har yau ake kwaikwayo. Sun raba tsakiyar gari kashi huɗu. Mai ƙafa da mai keke yana ratsawa daga wannan kashi zuwa wancan kai tsaye, mai mota kuwa sai ya fita titin zobe ya zagayo. Birnin Ghent na Beljiyam ya yi irinsa a 2017. A Basalona ta Sifaniya kuma sun haɗa layuka uku-uku suka zama babban yanki mai kusan mita 400 kowane gefe, motar da ta shiga ciki gudunta kada ya wuce kilomita 10 a awa, kuma hanyar za ta juyo da ita ta fito kusa da inda ta shiga. Hikimar duka ɗaya ce. Mafi yawan motocin da ke damun unguwa ba na 'yan unguwar ba ne, masu yanke ne da ke gudun cunkoson babban titi. Da zarar lungu ya daina ɓullewa, sun daina zuwa, ba tare da an ajiye jami'i ko ɗaya ba.

Hanyoyin cikin unguwa da maganar gobara

A cikin yankin ana buƙatar hanya iri uku. Akwai uwar hanya, mai faɗin mita 6 zuwa 8, wadda shaguna da masallaci da makaranta ke fuskanta. Akwai matsakaiciya mai mita 4 zuwa 5. Sai lungu mai mita 2 zuwa 3 da ke kaiwa ƙofofin gidaje. Ba kwalliya ce ta kawo waɗannan alƙaluma ba, motar kwana-kwana ce. Faɗinta kusan mita 2.5 ne, tana son sarari na aƙalla mita 3.7 zuwa 4 babu cikas, da tsawon sama na kusan mita 4 babu waya babu rumfa. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce motar ta iya matsowa har mita 45 daga kowane sashe na gida, ta Amurka ma ƙafa 150 ta ce, kusan daidai ke nan. Sai a ɗauki taswirar unguwa, a zana hanyoyin da motar za ta iya bi, a auna mita 45 daga kowannensu. Duk gidan da ya faɗo waje, shi ne matsalar da za a warware.

Warwarewar ba lallai ta zama rusau ba. Sau da yawa lungun yana da mita 4 a asali, dakali ne da matattakalar shago da rumfar mai shayi da tulin bulo na shekara biyar suka cinye mita ɗaya da rabi. Wani lokacin kusurwa ɗaya ce tak ta hana motar karya kwana, a datse mita biyu daga katangar gida ɗaya ya fi a rushe layi guda. Inda babu yadda za a yi, sai ruwan ya shiga maimakon motar: a binne bututu mai inci huɗu daga bakin titi zuwa cikin lungu, da bakin haɗa mesa a kowane gefe, motar ta tsaya a waje ta tura ruwa ta ciki. Bakin famfon kashe gobara da ya dogara da ruwan famfo na gari bai da amfani in ruwan ba kullum yake zuwa ba. Gara tankin ƙasa na lita 20,000 zuwa 30,000 kusa da masallaci, da rijiyar burtsatse mai sola tana cika shi, da sharaɗin ba a taɓa rabinsa ko da ana ƙishin ruwa. Gobarar da ta ci Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ta isa ta sa kowa ya ɗauki wannan sashe da muhimmanci. Kuma abin lura, a lungu mai mita 4, motar maƙwabci guda ɗaya da aka ajiye ta kwana ita ce ke tare motar kwana-kwana. Lungun da babu fakin a cikinsa ya fi saurin samun agaji.

Mai naƙuda da marar lafiya kuwa, kowace ƙofar shiga tana da turke ɗaya mai cirewa ko mai kwantawa. Inda ake yin kuskure shi ne a ba mutum ɗaya makulli. Ranar da ake nema ya tafi ɗaurin aure Funtuwa. Makullin ya zama iri ɗaya a duk ƙofofin unguwa, kwafi yana wurin mai unguwa, mai gadin ƙofa, ladan, da mai kemis mafi kusa, sannan hukumar kashe gobara da asibiti suna da nasu. Ya fi kyau a ce akwai keke napep guda ta unguwa da aka cire mata kujerar baya aka sa shimfiɗa, tana kwana a ciki, lambar direban tana rubuce a bangon masallaci.

Babur

A nan ne duk wani tsari da aka kwafo daga Turai yake faɗuwa. A can abokin hamayya mota ce. A Katsina abin da ke banke yaro a ƙofar gida babur ne, kuma turken da ke tare mota ba ya ganin babur.

Dubi alƙaluman. Ana barin tazarar mita 1.2 zuwa 1.5 tsakanin turaku. Keken guragu yana son aƙalla santimita 90. Kurar ɗan ga-ruwa tana kusan mita ɗaya a faɗi, kuma in ta ɗauko jarka 12 masu lita 25 nauyinta ya kai kilo 300, ba abin da za a ɗaga a tsallakar da shi ba ne. Keke napep kusan mita 1.3 take. Babur kuwa bai wuce santimita 80 ba. Duk tazarar da ta wuce da kura da keken guragu da makara, ta wuce da babur. In ka matse har babur ya kasa, ka hana gurgu da mai ruwa da mai baro shiga. Shingen ƙarfe mai lanƙwasa da wasu ke sakawa haka yake yi, kuma ƙarshenta 'yan unguwa da kansu suke kiran mai walda ya yanke shi. Tsohon birnin Marrakesh na Maroko misali ne a fili: mota ba ta iya shiga yawancin lungunansa, amma babura sun cika su da ƙara da hayaƙi.

Saboda haka ƙarfe ba zai yi maganin babur ba, sai dai a rage masa dalilin shiga da damar gudu. Dalilin shiga na farko yanke ne, kuma an riga an kashe shi in lungu ba ya ɓullewa zuwa wani babban titi. Na biyu ɗaukar fasinja ne. A yi wa 'yan acaba tasha mai rumfa a kowace ƙofa, a yi maganar da shugabannin ƙungiyarsu tun kafin a kafa turke ɗaya, domin su ne za su hana ɗan'uwansu shiga in sun ga layin da suke bi a tasha yana kawo musu fasinja. Na uku mazauna unguwa ne masu babur nasu, kuma su ne mafi yawa. Hana magidanci shigar da babur ɗinsa zaure ya kwana ba zai yiwu ba, ga halin satar babura. Abin da ke yiwuwa shi ne a ce ya shiga da tafiyar da ba ta fi ta mai sassarfa ba, a lungu mai ƙasa da mita 3 kuma ya kashe ya tura.

Gudu kuma siffar hanya ce ke hana shi, ba allon gargaɗi ba. Kada a bar miƙaƙƙiyar hanya ta wuce mita 50 zuwa 60 ba tare da wani abu ya karya ta ba: bishiya a tsakiya, dakalin zama da ya shigo daga dama, na gaba ya shigo daga hagu. Tsofaffin lungunanmu masu karkace-karkace sun riga sun yi wannan aikin, kuskure ne a miƙar da su. Tudun rage gudu irin wanda matasa ke yi da ƙasa da buhu yana da illa biyu, yana tare ruwan sama, yana kuma kifar da kura. In za a yi shi, ya zama mai faɗin kai, tsawonsa santimita 7 zuwa 10, hawansa a hankali, da rata a gefe don ruwa. Dalilin dagewa a kan gudu lissafi ne. Abin hawa mai gudun kilomita 30 a awa yana tsayawa cikin kusan mita 13, mai gudun 50 sai ya ci kusan mita 27, kuma ƙarfin bugu yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu.

Kaya suna da lokacinsu. Daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 7, kafin yara su fito makaranta, sannan bayan isha'i zuwa 10 na dare, a buɗe uwar hanya ga masu sauke kaya. Sauran yini kaya su sauka a ƙofa, 'yan dako da masu baro da keken kaya mai ƙafa uku su ƙarasa da su. Wannan sana'a ce da ke nan tun tuni a bakin kowace kasuwa, tsari kawai take so da farashin da aka sani. Tifa kada ta wuce ƙofa ko da wane lokaci ne, domin nauyinta ke fasa daɓe da kwalbati da bututun ruwa. Mai gini ya juye yashi a filin da aka ware, a kwashe cikin kwana biyu. Jeren amarya da zaman makoki a nemi izinin yini ɗaya wurin mai unguwa.

Masai ne abin da masu zane suka fi mantawa, wataƙila don ba a son ambatonsa a taro. Motar yashe masai tana zuƙowa da ƙarfi daga nisan mita 30 zuwa 50, in ya wuce haka injin ya fara gazawa, musamman in abin ya daskare. Gidan da ke can ƙuryar lungu sai dai ƙaramin tanki a kan keke mai ƙafa uku da ke jigila zuwa babbar mota a ƙofa. In ba a yi wannan tanadi ba, masu yasa da hannu za su haƙa rami a cikin lungun su binne, damina ta zo ta tone. Shara ma haka: baro ya bi gida-gida, wurin tarawa yana bakin titi inda mota za ta ɗauka, kuma kada ya zama a jikin tashar fasinja.

Ina motocin za su kwana

A ɗauki misali don lissafi kawai. Yanki mai hekta 50, mutum 200 a kowace hekta, jama'a 10,000 ke nan. In a kowane mutum 20 akwai mota ɗaya, motoci 500 ne, suna buƙatar murabba'in mita 12,500. A raba su ƙofofi huɗu, kowace ƙofa mota 125, filin fuloti bakwai masu 50 da 100. Ba kaɗan ba ne, amma ana samu: tsohon gareji, kangon ma'aikata, filin da aka yi shekaru ana jibge shara. Wurin mota ɗaya kuma yana ɗaukar babura biyar zuwa shida. Kafin a zana komai a ƙirga motocin da ke kwana a unguwar da ƙarfe 11 na dare, gida-gida, domin ƙiyasin ofis kullum yana kuskure.

Unguwar Vauban da ke birnin Freiburg na Jamus, wadda aka gina a tsohon barikin sojan Faransa tun daga ƙarshen shekarun 1990, tana da mutum sama da 5,000. A yawancin layukanta an yarda ka shigo da mota a hankali ka sauke kaya, amma ba za ta kwana ba. Mai mota dole ya sayi gurbi a garejin bakin unguwa da kuɗi masu yawa, wanda ba shi da ita kuma ba a tilasta masa sayen gurbi. Wannan rabon adalci ne da ya kamata a ɗauka: mai mota ya biya kuɗin wurinta. Sai dai a nan abin da zai sa Alhaji ya yarda ya bar motarsa mita 300 daga gida tsaro ne kawai. Katanga, ƙofa ɗaya, fitilar sola, mai gadi dare da rana da ake biya daga kuɗin wata-wata, da rumfar kwano saboda rana. In aka fasa gilashin mota biyu a watan farko, tsarin ya mutu, kowa zai koma ƙofar gidansa. Kuma wanda ya fi kowa ƙarfin faɗa a ji a unguwa yakan kasance shi ne mai motar, don haka in aka ba shi izini na musamman, gobe mutum goma za su zo da nasu dalilin. Izinin dindindin na naƙasassu ne da masu jinya mai tsawo, a rubuce, ana sabunta shi duk shekara.

Inuwa da ruwa

Katsina tana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar ka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Hanyar da ta miƙe gabas da yamma tana shan rana tun hantsi har la'asar, katanga ba ta yi mata komai. Wadda ta miƙe kudu da arewa kuwa tana samun inuwar gini da safe da yamma, sai 'yan awannin tsakar rana ne take buɗe. Saboda haka a sabon awo, manyan hanyoyin ƙafa su bi kudu da arewa, tsawon gini ya kai faɗin hanyar ko ya fi. Na gabas da yamma su ne za a kashe wa kuɗin bishiya da rumfa.

Bedi, wato darbejiya, ya fi dacewa, yana jure fari, ba ya zubar da ganye duka a lokacin da ake neman inuwa. A dasa da tazarar mita 6 zuwa 8, ramin kowanne ya kai mita 1.2 kowane gefe a bar shi babu siminti, a nisanta shi mita 2 daga katanga. Durumi da ceɗiya inuwarsu ta fi, amma saiwarsu tana ɗaga daɓe tana shiga masai, wurinsu dandali ne. Abin da ke kashe dashe sananne ne: awaki da rashin ban ruwa a rani biyu na farko. Kowace bishiya a yi mata kewaye na bulo ko raga, a damƙa ta ga gidan da take ƙofarsa da suna.

Daɓen intalok ya fi kwalta a irin wannan wuri, domin ana ɗaga shi a gyara bututu a mayar. Mai kaurin santimita 6 na lungun ƙafa ne, duk inda motar kwana-kwana ko ta kaya za ta taka sai mai 8. A ƙarƙashi burji santimita 15 zuwa 20 da aka daɓe da inji, sai yashi santimita 3 zuwa 4, da kankare a gefe da zai riƙe shi. Intalok ɗin da kake gani ya lotsa bayan damina ɗaya, ko burjin ba a daɓe ba, ko an cika yashi don a rufe rami, ko babu abin riƙo a gefe. A lungu mai mita 3 kada a yi buɗaɗɗiyar kwata hagu da dama, za ta cinye mita guda ta zama wurin zuba shara. A karkata daɓen zuwa tsakiya da gangaren santimita 2 a kowace mita, ruwa ya bi ta tsakiyar.

Ruwan kuma yana da yawa fiye da yadda ake zato. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan sama mai milimita 50, wanda ake iya samu a dare ɗaya cikin Agusta, lita 500,000 ne a kowace hekta. Da can kududdufai ke shanye shi, yanzu an cike da yawansu an yi gini. In aka daɓe lunguna ba a san inda ruwan zai tafi ba, gidan da ya fi gangare ne zai karɓa, kuma ginin ƙasa ba ya jure kwana biyu a ruwa. Daga mafitar ruwa ake fara aiki a hauro, ba daga ƙofar mai unguwa a gangara ba. Tsayin daɓe kuma kada ya haura dokin ƙofar gidaje.

Duk wannan ba zai tsaya ba in wanda ya fito bakin titi bai samu abin hawa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 mutane da yawa sun ajiye motocinsu don dole, amma dole ba tsari ba ce. Ana buƙatar bas da ke zagaya ƙofofin gari, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, tana zuwa duk minti goma ko ƙasa da haka, da wasu layukan da ke fita zuwa jami'a da sakatariya da asibitoci. Yawan zuwa ya fi girman bas muhimmanci. Ƙananan bas goma da ba a jira sun fi manya uku da sai sun cika suke tashi.

Amurka ta gwada rufe titunan kasuwanci kusan 200 a shekarun 1960 da 1970, aka sake buɗe mafi yawansu. Na garin Kalamazoo, wanda aka fara da shi a 1959, an mayar wa wani sashensa mota a 1998. Dalilin shi ne babu masu kwana a wurin, duk mai sayayya da mota yake zuwa daga nesa. Garin Pontevedra na Sifaniya kuwa, da ya fara a 1999, ya ɗore, domin mutane suna zaune a saman shagunan. Cikin garin Katsina ta wannan fuska ya fi kama da na biyun. Amma layin masu sayar da siminti da rodi da buhunan hatsi ba wurin farawa ba ne, cinikinsu da mota yake tafiya. A fara da inda ƙafa ta riga ta rinjaya: kewayen makarantar firamare, layin 'yan kayan miya, zagayen Hasumiyar Gobarau. Kowace Juma'a sahu yana rufe tituna a kusa da masallaci, ranar hawan sallah ma hanyar Ƙofar Soro ta dawaki ce da 'yan kallo, ba wanda ya ce gari ya tsaya.

Gwajin farko da durom cike da yashi ake yinsa, ba da kankare ba, na wata uku zuwa shida, kuma ya haɗa da damina. Kafin a fara a ƙirga masu wucewa a ƙafa da babura da motoci a awannin safe da yamma, a tambayi masu shaguna cinikinsu, a auna mintunan da motar kwana-kwana ke yi daga ƙofa zuwa gida mafi nisa. A maimaita bayan gwaji. Yardar mai unguwa da hakimi da limamai ita ce ke sa a bi doka, amma sai hukumar tsara birane ta jiha ta sa hannu a rubuce, in ba haka ba sabon jami'i zai zo ya tumɓuke turakun da sunan an tare hanyar gwamnati. A tabbata an ji ta bakin matan cikin gida ta hanyar da ta dace da su, domin su da yaransu ne suka fi amfani da lungun da rana, kuma ba su zuwa taron ƙofar masallaci.

A sababbin unguwanni na bayan gari, inda awon igiya ke yanka gona fuloti-fuloti ba a bar filin makaranta ko na kasuwa ba, abin da za a nema tun ranar awo ƙalilan ne: uwar hanya mai mita 8 a kowace mita 150 zuwa 200, fuloti bakwai a bakin titi don ajiye motoci, filin makaranta da na kasuwa a tsakiya, da mafi gangaren wuri a bar shi wa ruwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka hukuma tana da ikon ƙin amincewa da duk awon da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba kafin a sayar da fuloti na farko.